Lambun Unguwa: A Gina Shi Yadda Gurgu Da Makaho Za Su Shiga

Duk mai fita cefane a Kano ya san kayan miya sun bar sahun abubuwan da ake saye ba tare da dogon lissafi ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin ɗauko kwandon tumatir daga Kadawa ko Kura zuwa kasuwar 'Yankaba ya tashi, kuma a kan mai cefane nauyin yake ƙarewa. A tsakiyar 2024, alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. In aka shiga irin wannan matsi, hatsi ake fara nema, ganye da kayan lambu kuwa su ne na farkon fita daga tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a kowace rana. Gidaje nawa ne a Kurna ko Ɗorayi ko Rimin Kebe suke ganin rabin wannan?

Ra'ayina shi ne, duk unguwar da ke da fili a zaune, ko kangon da ya koma juji, ko bayan makarantar firamare da ciyawa ta cinye, ta tashi ta mai da shi lambun jama'a ta hanyar aikin gayya. Amma akwai sharaɗi guda, kuma dominsa na ɗauki alƙalami: a tsara lambun tun ranar farko yadda gurgu da makaho da kurma da tsoho da mai juna biyu za su shiga, su shuka, su ba da ruwa, su girba da hannunsu. Lambun da mai keken guragu zai tsaya a bakin ƙofarsa yana leƙe bai cancanci a kira shi na unguwa ba.

Babu baƙon abu a cikin wannan kira. Bahaushe ya san lambu tun zamanin da ake jan ruwa da jigo a fadama, ya san fangali, ya san renon iri da dashe. Har yau a cikin birnin Kano, a gefen rafin Jakara da wajen Kwakwaci, akwai masu noman salak da alayyafo da kabeji da karas, suna ciyar da iyalinsu da 'yan fangulan da ba su taka kara sun karya ba. Gayya ma tamu ce. Da ita iyayenmu suka yi noma, suka yi yaɓe, suka yashe rijiya, suka gyara maƙabarta. Har yanzu ƙungiyoyin sa-kai na matasa suna fitowa da shebur da baro su yashe magudanan ruwa kafin damina. Abin da ya rage mana shi ne mu haɗa sanin lambun da ƙarfin gayyar a fili ɗaya, mallakar kowa da kowa.

Addini ma ya riga ya shimfiɗa mana hanya. Sayyidina Umar ya yi waƙafi da gonarsa ta Khaibar, aka tsare asalinta ba a sayarwa, ba a gada, amfaninta kuma yana tafiya ga mabuƙata. Abu Ɗalha ya ba da Bairuha, lambun da ya fi so a cikin dukiyarsa, wanda ke daura da masallacin Madina. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya sakar wa jama'a. Gona, lambu, rijiya: su ne dai abubuwan da lambun unguwa yake buƙata. Mun saba idan an ce waƙafi sai hankali ya tafi ga masallaci da makarantar Islamiyya, kuma duka alheri ne. Sai dai unguwar da ke da masallatai a kowane lungu, alhali yaranta suna fama da ƙarancin jini saboda rashin ganye a abinci, tana da buƙatar wani attajirin ya tuna da irin sadakar Abu Ɗalha.

Me ya sa nake nacewa a kan masu buƙata ta musamman? Domin suna da yawa, kuma mun saba mantawa da su a duk abin da muke ginawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya suna rayuwa da wata babbar nakasa. A nan Arewa muna da namu dalilin na musamman. An ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna a watan Agustan 2020, amma waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, da yawansu yanzu magidanta ne da matan aure. Ga waɗanda haɗarin mota ya karya, ga masu shanyewar ɓarin jiki, ga waɗanda ciwon suga ya ci wa ƙafa, ga tsofaffin da gwiwa ta daina ɗaukarsu. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wariya ga nakasassu, wadda ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda kowa zai iya shiga. Wa'adin ya cika a farkon 2024. Mai karatu ya duba ofisoshi da kasuwanni da masallatan da yake shiga, ya ba kansa amsa. Tunda gyaran abin da aka riga aka gina yana ba mu wuya haka, to aƙalla abin da za mu fara daga tushe kada mu sake gina shi da shinge a gaban 'yan'uwanmu.

Akwai wani dattijo a layinmu wanda ya yi rayuwarsa yana noman rani a ƙauyensu kafin hawan jini ya shanye masa ɓarin hagu, 'ya'yansa suka dawo da shi birni. Kullum da hantsi ana fito da shi a zaunar a kan tabarma a ƙofar gida. Wata rana yara suka zo wucewa da 'yan tsiron tumatir a gwangwanin madara, ya kira su, ya karɓa da hannunsa mai lafiya, ya juya ganyen ya duba bayansa. Ya ce musu, "Ku raba su, jikokina, sun yi cunkoso. Kuma kada ku yi dashe da rana tsaka, ku bari sai la'asar sakaliya." Ya daɗe yana murza ƙasar gwangwanin a tsakanin yatsunsa kafin ya miƙa musu. Ilimin shekaru masu yawa yana zaune a kan tabarmar nan, ba mai tambayarsa. Abin da ya raba shi da sana'arsa bai wuce durƙuso da sunkuyo ba. In aka ɗaga masa ƙasar ta iso inda hannunsa yake kaiwa, manomi ne kamar da, kuma malamin duk wani matashi da zai shigo lambun.

Ɗaga ƙasar kuwa ba wani aiki ne mai tsada ba. Maimakon fangali a ƙasa, sai a gina akwatin shuka da bulo ko tubalin ƙasa ko duwatsu, tsayinsa tsakanin santimita 60 zuwa 75, daidai inda wanda ke zaune a keke ko a kujera zai kai hannu ba tare da wahala ba. Faɗinsa kada ya wuce mita 1.2 idan ana iya zagaya shi ta ɓangare biyu, in kuma a jikin bango yake, a tsaya a santimita 60. A faɗaɗa bakin ginin yadda tsoho zai ɗan zauna a kai yana cire ciyawa. Wanda bai da kuɗin bulo, rabin duro ko tayoyin mota da aka jera ko buhunan da aka cika da ƙasa aka ɗora a kan dakali duk suna yi. Hanyoyin da ke tsakanin akwatunan su kai mita 1.5, a daɓe su da jar ƙasa ko marmara su yi tauri, domin yashi maƙiyin taya ne. A yi la'akari da cewa keken guragun da ake ƙerawa a nan Kano, mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, ya fi na asibiti tsawo, yana buƙatar wurin juyawa a ƙarshen kowace hanya. Sannan ƙofa: mafi yawan filayenmu kwata ce ke gabansu. A rufe ta da sulab, in akwai tudu a yi gangara mai sauƙi, duk hawan santimita 10 a ba shi tsawon mita 1.2.

Makaho kuma buƙatarsa daban. A ja igiya mai kauri a gefen hanya daidai ƙugu, a ƙulla ƙulli a gaban kowane akwati yadda zai ƙirga ya gane nasa. A bar ɗan tudu a bakin hanya wanda sandarsa za ta riƙa taɓawa. A shuka ɗoɗɗoya ko na'a-na'a a kusurwoyi, ƙanshinsu ya zame masa alama. Doka ta farko a lambun ita ce kada a yar da fartanya ko manjagara ko tiyo a kan hanya. Wanda kuturta ta taɓa wa yatsu, ko wanda hannunsa ke rawa, a naɗe masa ƙotar kayan aiki da robar taya ta yi kauri, a sa mata maɗauri. Kurma kuwa, a rubuta jadawalin aiki a allo, in za a yi taro a nemo mai fassara da hannu. Makarantar masu buƙata ta musamman da ke Tudun Maliki ta yaye ɗalibai da dama da za su iya wannan. A kafa rumfa mai inuwa da benci da randa, a gina banɗaki mai faɗin ƙofa da abin dafawa. Duk wannan, wanda ya fi sanin yadda ya kamata a yi shi ne mai buƙatar da kansa. Muna da sarkin makafi da sarkin guragu da sarkin kutare, muna da ƙungiyoyinsu na zamani. A gayyace su tun kafin a kafa turke, a ba su kujera a kwamiti mai cikakken ikon magana, a ɗora mai keke ya zagaya filin ya nuna inda zai maƙale.

Wasu ƙasashen Afirka sun riga mu gwada irin wannan. A Lesotho, lokacin da cutar ƙanjamau ta raunana magidanta ta bar tsofaffi da marayu, an yaɗa wani irin lambu zagayayye da ake ginawa da duwatsu, faɗinsa kamar mita 2, da 'yar kafa da mutum zai shiga ya kai tsakiya. A tsakiyar akwai kwando da ake zuba ɓawon kayan miya da toka da ruwan wanke-wanke, yana ruɓewa yana ciyar da shukar. An tsara shi ne domin marar ƙarfi ya yi aiki a tsaye ba sunkuyo. A maƙwabciyarmu Nijar kuma, cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yi aiki da ƙungiyoyin mata a kan ƙananan lambuna masu ban-ruwa ta ɗigo da noman zogale da kuɓewa a filayen da suka gaji. Ƙasar Nijar ta fi tamu bushewa. In ya yiwu a can, babu hujjar a ce ba zai yiwu a Kano ko Katsina ko Zariya ba.

Abubuwa uku ne za su iya kashe irin wannan aiki, kuma gara a fuskance su tun da wuri. Na farko fili. A garin da ake yanka filin makaranta da gefen maƙabarta a yi shaguna, duk wurin da aka share aka kai masa ruwa ya zama abin kwaɗayi. Kada a sa shebur ko ɗaya sai an samu takarda. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, saboda haka in filin na hukuma ne a nemi izini a rubuce daga ƙaramar hukuma da hukumar tsara birane. In na wani bawan Allah ne, ya rubuta ko waƙafi ne ko aro, in aro ne na shekara nawa, magadansa su sani, mai unguwa da dagaci da liman su sa hannu. Jihar Kano tana da hukumar zakka da hubusi; a kai mata kwafin takardar waƙafin ta ajiye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma baki-da-baki a maganar fili babbar tsaga ce.

Na biyu ruwa da ƙasa. A nan dole mu koyi darasi daga Jakara. Ruwan da ke bi ta cikinta ya haɗa da na kwatocin birni, rafin Getsi da ke haɗuwa da ita kuma ta yankin masana'antu na Bompai yake ratsowa, kuma masana a jami'o'inmu sun sha yin gargaɗi game da sinadarai masu guba da ke taruwa a ganyen da aka shayar da irin wannan ruwa. Lambun unguwa ba zai sha ruwan kwata ba. Rijiya ko burtsatse mai aiki da hasken rana, da tanki a kan dakali, shi ne abin da za a fara nema wa kuɗi, tun kafin iri. Daga tankin a ja siririn tiyo mai ƙananan huji a kan kowane akwati, ruwa ya riƙa ɗiga a gindin shuka. Wannan yana rage ɓarnar ruwa ƙwarai, yana kuma sa wanda ba ya iya ɗaukar bokiti ya shayar da shukarsa da murɗa kan famfo kawai. In filin tsohon juji ne, akwai yiwuwar ƙasarsa ta sha batir da baƙin mai da fasassun kwalabe. A nan ma akwatin da aka ɗaga ya yi rana: sai a shimfiɗa tsakuwa a ƙasa, a cika da sabuwar ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen takin awaki. Abin da aka yi domin gurgu sai ga shi ya kare lafiyar kowa.

Na uku, kuma mafi wuya, shi ne ɗorewa. Gayya aikin yini ɗaya ce, a yi kiɗa a ci tuwo a watse. Lambu kuwa yana son ruwa safe da yamma, har a watan Afrilu da zafi ke korar kowa zuwa inuwa, har a cikin azumi. Masu aikin sa-kai suna gajiya idan ba su ga tsari ba, ko suka ga wasu na wahala wasu na kwasa. Saboda haka a raba aikin gida biyu. Manyan ayyuka irin su gini da shinge da tara taki a yi musu gayya lokaci-lokaci, magini ya ba da yininsa, mai walda ya haɗa ƙofa, mai gyaran famfo ya ja bututu, masu yi wa ƙasa hidima su sa ranar aikin raya al'ummarsu a nan. Aikin yau da kullum kuwa a danƙa wa masu akwati: kowane gida ko mutum da nasa, abin da ya noma nasa ne, wanda ya yi watsi da nasa har tsawon lokacin da aka yarda a kai, a ba na gaba a layi. A ware akwatunan da suka fi kusa da ƙofa da famfo ga masu buƙata ta musamman da tsofaffi. A bar wani kaso na haɗin gwiwa, a shuka zogale a jikin shinge da rama da yakuwa da lalo, a sayar a zuba a asusun gyaran famfo da sayen iri, a riƙa karanta lissafin a bainar jama'a duk wata. A ɗauki mai gadi ko a yi karɓa-karɓa, a kuma yi shinge na gaske, domin akuya ɗaya tana iya gamawa da aikin wata biyu kafin a idar da sallar azahar.

Kada a manta da mata, domin su ne suka san abin da tukunya ke nema. A tsayar musu da ranakunsu ko lokutansu da maza ba sa shiga, yadda matan aure da zawarawa za su sake su yi aiki, mazajensu kuma hankalinsu ya kwanta. A ba makarantar allo da ta boko da ke kusa akwati ɗaya-ɗaya. Yaron da ya shuka kuɓewa ya ga ta fito ba zai tsallaka shinge ya yi ɓarna ba. Ilimin aikin kuma ba nesa yake ba: akwai malaman gona na hukumar raya aikin gona ta jiha, KNARDA, akwai Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta, akwai Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero. Wasiƙa ɗaya daga kwamitin unguwa tana iya kawo ɗalibin da zai nuna yadda ake haɗa taki da yadda ake jiƙa ganyen darbejiya a fesa wa ƙwari.

Na san za a ce mutane na fama da abin da za su ci yau, ni kuma ina maganar gangara da igiya. Gaskiya ne lambun unguwa ba zai maye gurbin buhun masara ba, ba kuma zai sauke wa gwamnati nauyin da ke kanta na tsaro da taki da farashi ba. Amma gidan da yake tsinkar alayyafo da attaruhu daga akwatinsa ya rage kuɗin cefane, yaransa sun ci ganye, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a wannan zamani. Game da tsada kuwa, faɗaɗa hanya a ranar da ake awon fili ba ya cin ko kwabo, igiya da sulab ɗaya ba su kai kuɗin abincin taron buɗewa ba. Rushewa a sake gini daga baya shi ne mai tsada. Sannan mu da muke ƙorafin bara a titunanmu, muna goyon bayan a hana, wace ƙofa muka buɗe wa mai nakasa ya ci guminsa? Mutumin da ya saba miƙa hannu a ba shi, ranar da ya miƙa wa maƙwabcinsa damin salak da ya noma da kansa, matsayinsa a unguwa ya canja.

Ina kira ga masu unguwanni da limamai su zagaya su gano filayen da ke zaune a yankunansu kafin masu yankan shaguna su riga su. Ina kira ga masu hali su fitar da fili ko rijiya a matsayin waƙafi, su rubuta, su sa hannu. Shugabannin ƙananan hukumomi su ba da izini a takarda, su bar wa jama'a ragamar aikin. Ƙungiyoyin matasa kuma, ku da kuke da ƙarfi da shebur, in kun tashi kiran taron farko, ku fara aika wa sarkin guragu da sarkin makafi da tsofaffin manoman da ke zaune a ƙofar gida, ku kuma yi taron a wurin da za su iya shiga. Lokacin sanyi shi ne lokacin da kayan lambu suka fi yin kyau a ƙasarmu, saboda haka a kammala maganar fili da ruwa tun damina ba ta ɗauke ba. Allah Ya ba mu ikon aikatawa.